Sawu a Gindin Taga

Da asuba, bayan ruwan daren Laraba,
na fito zubar da toka,
sai ga sawu a gindin tagar yara.
Takalmin taya ne.
Yatsu sun nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba:
mai shi ɗage ya yi, ya leƙa.
Na sa ƙafata a ciki,
ta ɓace kamar ludayi a tukunyar biki.

Abban Babayo yana hanyar Ashaka,
siminti a bayansa, mu a ransa,
sai Juma'a.
Ni ce ƙofa, ni ce sakata,
ni ce karen da ba mu da shi.

Bara waccan muka tare a Tumfure,
inda gari ya ƙare, gonar wake ta fara.
Kango gabas, kango yamma,
gini ya tsaya a linta, aljihu ya gaza,
ciyawa ta kama haya a falo.
Muka ja katanga ta fi raƙumi,
muka dasa mata fasassun kwalabe,
ta tsare mana komai,
har da sunan maƙwabci.

Ni kuwa a Jekadafari aka yanke min cibiya,
inda tari ɗaya cikin dare
kan tada gida uku.
Goggo takan ce: baƙo, ruwa tukuna, suna daga baya.
Yau ga ni durƙushe gaban Iyatu, 'yar shekara shida,
ina kwance abin da Goggo ta ɗaura.

Kada ki buɗe.
Ko ya ce mai duba mita ne?
Kada ki buɗe.
Ko ya ce Abba ya aiko shi da tsire?
Ki ce ya faɗi sunan akuyar da muka sayar.
In ya san sunana fa?
Sunanki har bakin titi ake jin sa, 'yata.
Ta yi shiru, ta ce:
Umma, in ƙishirwa yake ji fa?
Na rasa ta cewa,
na gyara mata ɗankwali.

Da la'asar na yafa mayafi,
na bi layi ina buga ƙofofin ƙarfe.
Maman Rifkatu mai awara.
Malam Jauro da ya ajiye kaki.
Wani ma'aikacin banki da gilashin motarsa kawai na sani.
Ashe kowa da sawunsa:
an ɗauke wa wannan batirin sola,
an yanke wa wancan ragar taga,
an bi 'yar wata da alewa daga Islamiyya.
Kowa ya haɗiye nasa kamar abin kunya.

Muka haɗa ɗari biyar-biyar
aka sayo usur a Tsohuwar Kasuwa,
kowane yaro nasa a ƙusa, kusa da filo.
Samari suka sare ciyawar kango,
aka rataye fitila a falwaya.

Daren jiya, ƙarfe biyu, babu wuta,
usur ya tsaga duhu.
Babayo ne.
Kafin in lalubo tocila ƙofa tara sun buɗe,
Malam Jauro da gora, ba hula,
Maman Rifkatu da taɓarya, zani a karkace.
Aka haska bayan taga:
tunkiyar wani ce ta tsinke igiya,
tana kiwo a zogalena.

Aka yi dariya. Yaron ya sunkuyar da kai.
Malam Jauro ya dafa shi:
Gobe ma ka busa, ko ɓera ne.

Na koma ɗaki, barci ya ƙi.
Tara, nake ta faɗi, tara.
Mai takalmin bai dawo ba,
ko kuwa ya dawo, ya ji mu, ya juya.
Ban sani ba. Sakata dai tana nan.

Da safe ni da Iyatu muka mirgina tsohuwar randa
zuwa waje, gindin katanga.
Ta cika ta da kanta, bokiti huɗu,
ta kife moɗa a kan murfi,
sannan ta shigo,
ta rufe ƙofa.